Likita ya rubuta "ziyarar gidan tarihi": me bincike ya tabbatar game da kiɗa, zane da lafiyar ɗan Adam?

A watan Maris na 2025 kafafen yaɗa labarai suka ɗauko wani labari daga garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan. Likitocin garin sun fara rubuta wa wasu marasa lafiya takardar shiga gidan adana kayan tarihi ko lambun shuke-shuke kyauta, kamar yadda suke rubuta takardar magani. An raba wa likitoci takardu kusan 500, an ware wa aikin faran dubu 10 na kuɗin ƙasar, kuma gwaji ne na shekara biyu. Ba su ne suka fara ba. Tun a watan Nuwamba na 2018 wata ƙungiyar likitoci a birnin Montreal na Kanada ta haɗa hannu da babban gidan zane-zane na birnin, aka ba kowane likita damar rubuta irin wannan takarda har guda 50. A Ingila kuwa hukumar lafiya ta NHS ta saka abin cikin tsarinta na dogon zango tun daga 2019.

Labarin ya raba kan masu karatu. Wasu na ganin wannan shagali ne na ƙasashen da suka ƙoshi, waɗanda suka gama da zazzaɓin cizon sauro da mace-macen mata wurin haihuwa, suka rasa abin yi da kuɗi. Wasu kuma sun wuce gona da iri ta ɗaya gefen, suna yaɗa saƙonni a WhatsApp cewa kiɗa na warkar da hawan jini, ko yana mayar da jariri haziƙi tun yana ciki. Abin da ke cikin takardun masu bincike ya sha bamban da duka biyun.

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa

Idan masana lafiya suka ce ayyukan fasaha, ba kiɗa kaɗai suke nufi ba. Rahoton da ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Turai ya fitar a watan Nuwamba na 2019 ya haɗa da waƙa, rawa, wasan kwaikwayo, zane, sassaƙa, ɗinki, saƙa, ginin tukwane, karatun adabi, rubutu, kallon fim da zuwa bukukuwan al'ada. A wannan ma'auni, mai ɗinkin hula a ƙofar gida da mai rini a Ƙofar Mata da tsohuwa mai yi wa jikoki tatsuniya duk suna ciki.

Daga nan sai a rarrabe. Akwai abin da mutum ke yi don jin daɗin kansa, ba tare da likita ya sani ba. Akwai kuma jinya da kiɗa ko da zane, wadda sana'a ce da ake karanta ta a jami'a: ƙwararre ya duba mara lafiya, ya tsara abin da ake son cimma, misali ya iya furta sunan matarsa ko ya taka daga gado zuwa ƙofa, sannan a riƙa aunawa mako-mako. Na ukun shi ne wanda labarin Suwizalan ke magana a kai, wato likita ya tura mutum wani wuri a cikin al'umma, ƙungiyar waƙa ko ajin koyon zane ko gidan tarihi, saboda ya lura cewa abin da ke kawo shi asibiti kullum ya haɗa da kaɗaici da damuwa. A Ingila akwai ma'aikaci na musamman da aikinsa shi ne ya zauna da irin wannan mutum ya haɗa shi da inda ya dace.

Ƙarfin hujja bai zo ɗaya ba a waɗannan ukun. Mafi yawan ruɗanin ya samo asali ne daga ɗauko sakamakon ɗaya a jingina wa ɗaya. Gwajin da ya nuna cewa bugun kiɗa ya taimaka wa mai cutar karkarwa ya yi tafiya bai ce komai ba game da amfanin zagaya gidan tarihi.

Tunanin tsoho ne, awon ne sabo

Malaman Musulunci na farko irin su Al-Kindi da Al-Farabi sun yi rubutu a kan yadda sauti ke motsa zuciya. A garin Edirne na Turkiyya, asibitin da aka kammala a 1488 zamanin Sarki Bayezid na Biyu ya yi amfani da kiɗa da ƙarar ruwa da ƙamshi wajen jinyar masu taɓin hankali, kuma matafiyin nan Evliya Çelebi ya rubuta a ƙarni na 17 cewa makaɗa goma kan zo sau uku a mako. A Turai da Amurka abin ya zama sana'a ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka ga yadda sojojin da suka dawo a gigice ke samun natsuwa idan makaɗa sun ziyarci asibitocinsu. Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe kwas na farko a 1944. Abin da ya canza a shekaru talatin ɗin nan shi ne samuwar na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, da kuma yawaitar gwaje-gwajen da ake raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya abin a ƙyale ɗaya, sannan a kwatanta.

Me ke faruwa a cikin kai

Babu wani ɗaki guda a ƙwaƙwalwa da aka keɓe wa kiɗa. Idan sauti mai tsari ya shiga kunne, sashen ji yana aiki, sassan da ke tsara motsi su ma suna tashi ko da mutum yana zaune shiru, haka nan sassan tunawa da na shauƙi. Shi ya sa ƙafa ke fara bugun ƙasa kafin mai ita ya ankara.

A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada, Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu, suka nuna cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin yayin da mutum ke sauraron abin da ke sa tsigar jikinsa tashi. Wannan sinadari shi ne dai ke aiki idan mai jin yunwa ya sami abinci. Abin lura a binciken shi ne, sakin yana zuwa kashi biyu: wani yana fitowa daƙiƙu kaɗan kafin a kai wurin da mai sauraro ya fi so, lokacin da yake jiran sa, wani kuma a daidai lokacin da aka kai. Ma'ana ƙwaƙwalwa tana hasashen abin da zai biyo baya, kuma rabin daɗin yana cikin jiran. Duk wanda ya taɓa ganin yadda jama'a ke ɗaukar amshi tun mawaƙi bai rufe baki ba ya ga wannan da idonsa. Mutum takwas kacal aka yi wa wannan awon na dofamin, don haka bayani ne na yadda abin ke aiki, ba hujjar warkar da wata cuta ba. Kuma ba kowa ba ne: wani bincike a Barcelona a 2014 ya gano mutane masu lafiyar kunne da lafiyar hankali waɗanda kiɗa ba ya motsa su ko kaɗan, an ƙiyasta su tsakanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari.

Hanya ta biyu ita ce numfashi. Mai rera waƙa dole ya ja numfashi ya sake shi a hankali gwargwadon tsawon baiti, kuma fitar da numfashi a hankali na rage gudun bugun zuciya. Masu bincike a Gothenburg ta Suwidin sun nuna a 2013 cewa idan mutane suna rera abu ɗaya tare, bugun zukatansu kan riƙa hawa da sauka tare. Wannan bai buƙatar ganga ko garaya. Murya ta isa.

Ta uku ita ce hankali. Zafin ciwo ba daga rauni kaɗai yake zuwa ba, ƙwaƙwalwa ce ke ƙara shi ko rage shi gwargwadon tsoro da kuma inda hankali ya karkata. Hannun da ke ƙirga zare a kan hula, ko kunnen da ke bin labari, ya rage wa ciwon wurin zama. Ta huɗu kuwa, wadda ta fi wahalar aunawa, ita ce zama cikin mutane. Za a dawo kanta, domin a nan ne gardamar take.

Inda hujja ta fi ƙarfi

Tiyata ce ta fi yawan gwaje-gwaje. A 2015 mujallar Lancet ta wallafa nazarin da ya tattara gwaji 73 da suka shafi marasa lafiya kusan dubu 7. Waɗanda aka kunna wa kiɗa kafin aiki, ko ana cikin yi, ko bayan an gama, sun bayar da rahoton ƙarancin zafi da ƙarancin fargaba, kuma sun sha maganin kashe zafi ƙasa da sauran. Har waɗanda aka sumar da su gaba ɗaya an ga ɗan tasiri, kodayake bai kai na waɗanda ke farke ba. Sai dai kwanakin da suka yi a asibiti bai ragu ba. Wannan shi ne yanayin yawancin sakamakon wannan fanni: sauƙi na gaske, matsakaici, wanda ke tafiya tare da magani.

Sai shanyewar ɓarin jiki. A ƙasar Finland, Teppo Särkämö da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 60 da cutar ta buge ba da jimawa ba, suka raba su uku. Kashi ɗaya suna sauraron kiɗan da suka zaɓa da kansu awa ɗaya zuwa biyu kullum har wata biyu, kashi na biyu suna sauraron littattafan da aka karanta a faifai, na uku ba a ba su komai ba. Dukkansu suna karɓar jinyar asibiti yadda aka saba. Bayan wata uku, iya tuna kalmomi ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari a masu kiɗa, kashi 18 a masu sauraron littafi, kashi 29 a waɗanda ba a ba komai ba. Masu kiɗan sun kuma fi sauran ƙarancin baƙin ciki da ruɗewa. An wallafa wannan a 2008. Gwaji ne ƙarami, a asibiti ɗaya, amma an tsara shi da kyau, kuma ya buɗe ƙofar wasu da yawa.

Akwai wani abin mamaki da likitocin jijiya suka daɗe da sani. Mutumin da cutar ta taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, inda magana take a yawancin mutane, yana iya kasa cewa "ba ni ruwa", amma a ɗauko masa waƙar da ya sani tun yana yaro sai a ji ya bi ta da kalmominta. A 1973 wasu likitoci a Boston suka mayar da wannan hanyar jinya. Mai jinyar yana zama gaban mara lafiya ya riƙe hannunsa na hagu. Ya ɗauki gajeriyar magana ta yau da kullum, ya rera ta da murya biyu kawai, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana buga hannun a kan tebur sau ɗaya ga kowace gaɓa. Su rera tare. Sannan mai jinyar ya riƙa sassauta tasa muryar har ya yi shiru, ya bar mara lafiyar ya ƙarasa. Bayan makonni sai a riƙa rage rerawar har ta koma magana. Gabrielle Giffords, 'yar majalisar Amurka da aka harba a ka a Tucson a watan Janairu na 2011, ta yi amfani da waƙa wajen dawo da maganarta, kuma labarinta ne ya sa duniya ta san hanyar. Gwaje-gwajen da aka yi a kanta ƙanana ne, wasu sun nuna mutum ya fi ƙwarewa a jimlolin da aka horar da shi a kai fiye da hira ta yau da kullum. Ba kowane mai matsalar magana take yi wa aiki ba.

Cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sanƙarewar jiki, ita ce wurin da bugun kiɗa ya fi nuna kansa ƙarara. Mai wannan cuta yakan zo bakin ƙofa ƙafafunsa su kafe kamar an ɗaure su, yana son ya taka ya kasa, domin sashen da ke ba jiki lokacin ɗaga ƙafa ya raunana. Idan aka ba shi bugu mai tsari daga waje, ko da tafi ne ko ƙirgen ɗaya-biyu, kunne sai ya ɗauki aikin wancan sashe. Michael Thaut ya nuna a 1996 cewa makonni uku na atisayen tafiya da irin wannan bugu sun ƙara saurin tafiyar marasa lafiya da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Cutar tana nan ba ta tafi ba, amma mutum ya isa banɗaki da ƙafarsa.

Game da gigin tsufa, wato cutar mantuwa irin ta Alzheimer, iyalai da yawa sun ga tsohon da bai gane 'ya'yansa ba amma yana kawo waƙa ko karatun da ya haddace yana yaro ba tuntuɓe. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa sassan da ke riƙe da tsohuwar waƙa suna cikin waɗanda cutar ke kaiwa gare su a makare. To amma da ƙungiyar Cochrane, wadda ta shahara da tsanani wajen tace hujja, ta tattara gwaji 22 a 2018, abin da ta samu shi ne jinya da kiɗa na iya rage baƙin ciki da wasu matsalolin ɗabi'a, amma tasirinta a kan tunani da tunawa kaɗan ne ko babu. Tsohon zai ji daɗin yammacin nan. Mantuwar za ta ci gaba.

Inda aka zarce

A 1993 mujallar Nature ta buga wani gajeren rahoto: ɗaliban jami'a 36 sun saurari kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai a ƙarni na 18, na minti goma, sai suka ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawar gane siffofi. Tasirin bai wuce minti 15 ba, kuma babu jariri ko ɗaya a cikin gwajin. Kafin a ce kwabo labari ya zama "kiɗa na ƙara wa jarirai basira". A 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a saka dala dubu 105 a kasafin kuɗi don raba wa kowane jariri faifai. Da masu bincike a Vienna suka tattara gwaje-gwaje kusan 40 a 2010, ba su sami wani abu na musamman a kiɗan Mozart ba. Duk abin da ya wartsake mutum na ɗan lokaci yana iya yin haka.

Maganar cewa koyon kiɗa na ƙara wa yaro ƙoƙari a lissafi ma ta yi rauni. Gaskiya ne ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe yana kaɗa kayan kiɗa tana da bambanci a hoto, musamman idan ya fara da ƙuruciya, amma nazarin da Giovanni Sala da Fernand Gobet suka yi a 2020 ya nuna cewa idan aka tsananta tsarin gwaji, ribar da ake cewa tana tsallakawa zuwa sauran darussa tana ɓacewa. Yaron da ya koyi kiɗa ya iya kiɗa.

Akwai kuma manyan gwaje-gwajen da ba su ba da abin da aka sa rai ba, kuma ba a cika yaɗa su ba. A wani bincike da aka wallafa a 2012 an gwada jinya da zane a kan mutum 417 masu ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, a Birtaniya, ba a ga ta fi kulawar da aka saba ba. A wani da aka wallafa a 2017 an gwada jinya da kiɗa a kan yara 364 masu otizim, lalurar da ke wahalar da yaro wajen magana da cuɗanya da mutane, a ƙasashe tara, nan ma ba a ga bambanci a babban abin da aka auna ba.

Zancen tsawon rai

Adadin da aka fi yawo da shi ya fito ne daga mujallar BMJ a ƙarshen 2019. Daisy Fancourt da Andrew Steptoe sun bi diddigin mutum 6,710 'yan shekara 50 zuwa sama a Ingila har shekara 14. Waɗanda ke zuwa gidan tarihi ko wasan kwaikwayo ko taron kiɗa duk bayan 'yan watanni, haɗarin mutuwarsu a wannan tsakani ya yi ƙasa da kashi 31 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba sa zuwa sam. Masu zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, kashi 14.

Adadin daidai ne, fassarar ce ke da tarko. Wanda ke zuwa irin waɗannan wurare galibi yana da kuɗi, yana da ilimi, yana da ƙafar tafiya da abokin rakiya. Masu binciken sun yi lissafi sun cire tasirin dukiya da ilimi da lafiyar da mutum ya fara da ita, kuma bambancin ya ragu amma bai ƙare ba. Duk da haka su da kansu sun ce irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa zuwan ne sanadi. Mai lafiya ne ke fita, wanda jiki ya fara ƙi yakan zauna gida tun kafin likita ya gano abin da ke damunsa.

Masu goyon baya da masu suka

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019, wanda Fancourt da Saoirse Finn suka rubuta, ya duba wallafe-wallafe sama da 900 da suka ƙunshi bincike fiye da dubu 3, kuma shi ne madogarar da yawa daga shirye-shiryen da ake ji yanzu, har da na Neuchâtel. Masu goyon baya na cewa abin ba shi da tsada, illarsa kaɗan ce, mutane suna son sa don haka ba sa yankewa kamar yadda suke yanke shan magani, kuma likitan da ke da minti goma ba zai iya magance kaɗaici da ƙwaya ba.

Masu suka, cikinsu har da Stephen Clift wanda shi kansa ya daɗe yana binciken waƙa da lafiya, sun ce rahoton ya tara bincike ne bai tace ba, ya ajiye mai ƙarfi da mai rauni a kwano ɗaya. Suna nuni da cewa a gwajin magani ana iya ba wani ƙwayar bogi bai sani ba, amma ba yadda za a yi a ɓoye wa mutum cewa yana ajin waƙa, kuma yawancin abin da ake aunawa shi ne abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Wani nazari na 2017 a kan tsarin tura marasa lafiya cikin al'umma a Birtaniya ya sami gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne kuma masu rauni. Akwai kuma masu tsoron kada gwamnatoci su fake da abu mai araha su rage kashe kuɗi a kan likitocin ƙwaƙwalwa da gidaje da ayyukan yi, waɗanda su ne tushen damuwar mutane da yawa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce: waƙar ce ke aiki ko haɗuwar? Wani gwaji a Landan da aka wallafa a 2018 ya yi ƙoƙarin rarrabewa. An raba mata 134 masu alamun damuwar bayan haihuwa kashi uku: masu waƙa tare da jariransu, masu wasa tare da jariransu, da masu karɓar kulawar da aka saba, har mako goma. Da aka duba su gaba ɗaya ba a ga bambancin a zo a gani ba. Amma a cikin waɗanda damuwarsu ta yi tsanani, masu waƙa sun fi saurin samun sauƙi. Kowane ɓangare ya sami abin kafa hujja a wannan sakamako.

Abin da ya shafi mai karatu a nan

Kusan duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a Turai da Amurka ta Arewa, wanda hakan ke rage yadda za a ɗauko su kai tsaye. Mafi kusa da mu shi ne na Gambiya. A can akwai ƙungiyoyin mata da ake kira Kanyeleng, waɗanda suka sha wahalar rashin haihuwa ko mutuwar 'ya'ya, kuma an san su da waƙa da barkwanci a bukukuwa. Masu bincike suka haɗa kai da su, suka riƙa jagorantar zaman waƙa na awa ɗaya a mako, har mako shida, ga mata masu juna biyu a asibitocin awo huɗu. Mata 124 ne suka shiga, kuma sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna raguwar alamun damuwa a waɗanda suka halarta. Gwajin share fage ne, ba hukuncin ƙarshe ba. Darasinsa shi ne ba a shigo da kiɗan wata ƙasa ba, an yi aiki da abin da matan suka riga suka sani kuma suka yarda da shi.

Irin wannan kaya akwai shi a ƙasar Hausa. Matan da ke lugude a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya, suna amfani da bugu don daidaita motsi da rage jin gajiya, haka ma kiɗan gayya a gona. Waƙar raino, tatsuniyar dare, lalle, saƙar tabarma, zayyanar allo, duk suna cikin abin da rahoton ya lissafa. Sabanin malamai game da kayan kiɗa sananne ne, kuma binciken lafiya ba shi da hurumin yanke shi. Abin da kawai za a iya cewa daga ɓangaren kimiyya shi ne hanyoyin da aka bayyana a sama, numfashi da bugu da karkatar da hankali da zama cikin mutane, ba su rataya a kan wani kayan kiɗa ba. Murya da tafi da aikin hannu suna kai wa gare su.

Ba a sa ran likita a Kano ko Maraɗi zai fara rubuta takardar zuwa gidan tarihi nan kusa. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mara lafiya yake fita, likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. A irin wannan yanayi haɗarin ya fi karkata ga mutum ya ji an ce waƙa magani ce ya ajiye ƙwayar hawan jininsa, ko a ɗauki mai matsananciyar damuwa a ce ya je ya saurari abin da zai faranta masa rai alhali yana buƙatar likita. Babu ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka ambata da ya cire wa mara lafiya maganinsa. A kan magani aka ɗora.

Ga iyalan da ke jinya a gida, abin da binciken ya nuna mai sauƙin ɗauka ne. Abin da mara lafiya ya sani kuma yake so ya fi wanda aka zaɓa masa, kuma ga tsoho abin da ya ji a ƙuruciya ya fi isa gare shi. Akan fara da ɗan lokaci ana kallon fuskarsa, domin waƙar da ta faranta wa wani tana iya tono wa wani mutuwar da ya yi shekaru yana dannewa, kuma rediyon da aka bari yana ta ƙara daga safe har dare na iya ƙara wa mai gigin tsufa ruɗewa. Atisayen tafiya da bugu ga mai karkarwa ko mai shanyewar jiki yana buƙatar shawarar likitan gashi, wato mai koyar da atisayen motsa gaɓoɓi, saboda haɗarin faɗuwa.

Akwai kuma illa ɗaya da ba a gardama a kanta, ita ce ta kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda ƙarar sauti. Ma'auninta shi ne babba na iya jure desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kwatankwacin hayaniyar titi mai cunkoso, na awa 40 a mako. Idan ƙarar ta kai 90, lokacin ya koma awa huɗu a mako. A 2022 hukumar ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar wuraren taro ya wuce 100, adadin da lasifikar biki kan kai cikin sauƙi ga wanda ke zaune kusa da ita, kuma sau da yawa yara ne ke wurin. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa.